Sabon Gari: Unguwar da Ƙurar Nesa Take Sauka

Wanda ya bi titunan Sabon Garin Kano yana karanta sunayensu sai ya ga kamar taswira aka shimfiɗa masa: titin Gold Coast, titin Burma, ga na Abeokuta da Warri da Enugu. Siyasar daulolin duniya ce ta haifi unguwar, kuma tun daga ranar, in manya suka saɓa a Landan ko Ikko ko Washintan, sau da yawa a nan ƙurar take sauka, a kan mai shago da ɗan dako waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Kano ta san baƙi tun kafin Bature. Fagge zangon fatake ce, inda ayarin Buzaye ke sauke gishiri da kanwa. A cikin ganuwa akwai Ayagi ta Yarbawa da Tudun Nufawa da gidajen Larabawan Turabulus. Baƙo yakan sauka wurin fatoma, ya yi ciniki, ya yi aure, jikansa ya tashi Bakano. Turawan Ingila da suka ci Kano a 1903 suka zo da wani tsari dabam. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, masana'antun mai da sabulu na Turai suna neman gyaɗa ido rufe, kamfanoni da ofisoshi suna neman akawu da makanikai. Aka kwaso su daga Saliyo da Gwalkwas da kudancin Nijeriya, aka yanka musu filaye bayan ganuwa wajen 1913, ƙarƙashin ikon Bature kai tsaye. Sai a 1940 unguwar ta koma hannun En'e. An ce don a kare addini da al'adar mutanen birni aka yi haka, amma akwai dalilin da ba a cika faɗa ba: tsoron kada 'yan bokon Kudu masu karanta jarida su koya wa talakan Sarki gardama da gwamnati. Sakamakon shi ne jama'a biyu da ke haɗuwa a kasuwa da rana, magariba ta yi kowa ya koma ɓangarensa, da kotunsa, da makarantarsa.

An ga illar wannan tsari a 1953. A ƙarshen Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙudiri a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya ce a bari sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi. Da aka ji S. L. Akintola zai kawo ayarin jam'iyyar Action Group Kano, faɗa ya ɓarke ranar 16 ga Mayu tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Ƙidayar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Tambayar da ta jawo rikicin, wato yaushe Ingila za ta saki ƙasar kuma wa za ta miƙa wa, a teburin Landan aka tattauna ta bayan 'yan watanni, aka fito da tsarin tarayya na 1954. Waɗanda aka binne a Kano ba su da kujera a teburin.

Abin ya fi fitowa fili daga baya. A Oktoban 1991 zuwan Reinhard Bonnke, mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, ya tada tarzomar da ta ci rayuka da shaguna. A Oktoban 2001, kwanaki kaɗan bayan Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afganistan, zanga-zangar da aka fara bayan sallar Juma'a ta rikiɗe, ta nufi Sabon Gari. Fushi a kan yaƙin yana da hujjarsa, kuma an yi irinsa a biranen Turai ma. Sai dai mai sayar da kayan gyaran mota ɗan Nnewi bai taɓa ganin Kabul ba, shugaban Amurka na lokacin, Bush, kuma bai san da zamansa ba. An mai da maƙwabci jakadan wata daula ne kawai domin shi hannu ke iya kaiwa.

Wani zai ce wannan neman uzuri ne: rikicin na gida ne, kishin kasuwa da aikin gwamnati da matasa marasa abin yi, labarin waje kuwa ashana ce kawai. Akwai gaskiya a nan, kuma kisan 1966 da ya kwashe dubban Inyamurai zuwa Gabas juyin mulkin sojojinmu ne ya haifar da shi, ba umarnin wata ƙasa ba. Amma kishin kasuwa yana nan a Kurmi da Kantin Kwari tsakanin Hausawa su ya su, bai taɓa zama yaƙin unguwa da unguwa ba. Abin da raba mazauni ya yi shi ne ya ba fushi wurin zuwa. Wani kuma zai ce ai rabuwar ce ta ceci rayuka, tunda Sabon Gari ta zama mafaka da mazaunanta ke iya tsarewa. Haka ne a ranar tarzoma. Amma mafakar da kowa ya san ƙofarta ita ce kuma aka kai wa bam a tashar New Road ranar 18 ga Maris 2013.

Ɗora wa Bature komai bayan fiye da shekara sittin da 'yanci lalaci ne, musamman da yake tarihin unguwar ya nuna ana iya tsallake layin da ya ja. Abin da ya ji tsoro ya faru a wurin da ya keɓe: a gidan Bello Ijumu da ke Sabon Gari aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, da irin su Abba Maikwaru da Maitama Sule da Mudi Sipikin, jam'iyyar da ta haɗa kai da NCNC ta Azikiwe. Yaƙin basasa kuma, wanda Ingila da Rasha suka ba gwamnatin Gowon makamai, Faransa kuma ta tallafa wa Biyafara, ya ƙare a Janairun 1970. Ba a jima ba Inyamurai suka fara hawa jirgin ƙasa suna dawowa Kano. A Fatakwal an kira gidajensu dukiyar da aka yasar, aka hana su. A Sabon Gari da yawa sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu na shekarun da ba su nan.