Tudun St. Jago da Masuntan Elmina

Ɗan Birnin Kudu da ya taso yana hawa duwatsun garinsu, irin su Habude da Mesa, ya san daɗin hango ƙasa daga sama. A Elmina, bakin teku a ƙasar Ghana, akwai tudun da ake ce wa St. Jago. Daga kansa za ka ga kwale-kwalen masunta cunkushe a tafkin Benya, kowanne da fentinsa da tutarsa, ga hayaƙin bandar kifi yana tashi daga unguwanni. Sai dai waɗanda suka fara damuwa da tudun nan ba kallo ya kai su ba.

A 1482 Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu can ƙasa, daf da ruwa, don cinikin zinariya, kafin ta koma ma'ajiyar bayi. Tudun kuwa suka bar shi da ɗan coci. Sakacin ya ci su a 1637, lokacin da mutanen Holan suka jawo igwa har samansa, suka yi ta luguden wuta sai da ganuwar ta sallama. Su da suka san ta inda suka shigo, sai suka kafa wa tudun tasa ganuwar ta dutse a shekarun 1660.

Bahaushe ya shigo labarin ne bayan 1872, da Holan ta miƙa Elmina ga Ingila. Sarkin garin, Kobina Gyan, ya ƙi yarda, aka kai shi gudun hijira Saliyo. Ran 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka yi wa tsohon garin ruwan igwa, suka ƙone shi, saboda yana tare da masarautar Asante. Cikin mayaƙan da suka tsaya wa Ingila a ranar akwai sojojin Hausa, reshen rundunar da Baturen Ingila John Glover ya kafa a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Abin da ɗaci: wanda ya tsira daga bauta, ga shi da bindiga yana tsare wa Bature gidan da aka tara bayi.

Ba a sake gina tsohon garin ba. Daga tudun ana ganin filinsa fayau a gefen ganuwar da Fotugal suka gina. Masuntan suka koma ƙetaren tafki, kuma har yau ba sa fita teku ran Talata.