Wutar da Ba Ta Jan Mutum

Ranar da na fara wannan aiki a bayan garin Miniyafolis, a jihar Minesota, maigidana ya miƙo mini bakin waya biyu a fere, ya ce in riƙe. Na ja da baya. Wanda ya taso yana jin yadda wutar NEPA ke cilla mutum daga kan tsani ba ya damƙar tsirarar waya da rana tsaka. Ya yi dariya, ya damƙe su da hannunsa, fitilar da ke gefenmu kuma tana ci. "Bolt 12 ce," in ji shi. "Ba za ta ja ka ba. Amma ka raina ta, sai ta ƙone wa mutane gida." Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, ina haska matakala, da dandamalin katako da Amurkawa ke yi a bayan gida, da katangun da ke tare ƙasa a gangare.

Kafin wannan ƙaramar wuta, hasken lambu a Amurka da wutar gida ake yin sa, bolt 120. Gwanin wancan zamani shi ne Frank Nightingale, wanda ya kafa kamfanin Kim Lighting a shekarun 1930, ya kuma fitar da littafinsa, Garden Lighting, a 1958. Aikin na masu hali ne. Sai an kira mai wayarin, an haƙa rami mai zurfi, an shimfiɗa bututu. Bishiya kuwa ba ta daina girma don an sa mata fitila, in ta rufe hasken, sai a sake ɗauko diga.

Wanda muke ɗauka kakan sana'ar shi ne Bill Locklin, ɗan kwangilar lantarki daga Redlands a Kalifoniya. A 1959 ya harhaɗa fitilunsa na farko da ƙwan fitilar tarakta, da gwangwanin kofi, da kwalbar mayonis, irin wadda muke ce wa kwalbar bama. Labarin da ake bayarwa a tsakaninmu shi ne, maigidan da ya yi wa aikin yana jiran manyan baƙi ne, shugaba Eisenhower da matarsa, kuma da suka ga hasken suka ce su ma a yi musu. Kamfaninsa, Nightscaping, daga nan ya tashi. Karatun da ya bar mana guda ne: ido ya ga abin da aka haska, kada ya ga fitilar.

Dabarar ba ta da wuya. Taransifoma a jikin bango ta karɓi 120 ta sauke ta zuwa 12. Waya ba ta buƙatar bututu, ka tsaga ciyawa da shebur, ka cusa ta zurfin inci 6, ka taka da ƙafa. Da ƙofa ta buɗe haka, sai masu gyaran lambu da masu ban-ruwan ciyawa suka shigo, aikin ya fita daga hannun masu wayarin. Doka daga baya ta biyo sahu. Sai a 1996 kundin ƙa'idar lantarki na ƙasar ya ware wa irin wannan haske sashe na kansa, na 411, inda ya tsayar da iyaka a bolt 30 da amfiya 25. Har yau jihohi da yawa ba sa neman lasisi a kansa. Minesota tana nema, ni ma sai da na zauna jarrabawa.

Ni a zamanin ƙwan halojin na shigo, kuma sarkin ƙwai a lokacin shi ne MR16. Ba don lambu aka ƙirƙire shi ba, don majigin nuna hotuna aka yi shi a shekarun 1960. Faɗinsa inci 2 ne, amma yana jefa haske har ƙololuwar bishiya. Da shi aka fara ganin abin kamar zane. Da shi kuma muka sha wahalar da yaran yanzu ba su sani ba.

Duk wanda ya zauna a ƙarshen layi, nesa da taransifomar unguwa, ya san lo-karan: na kusa ƙwansu fari tas, naka ja kamar garwashi. To, wannan ita ce rayuwarmu kullum, a cikin fili ɗaya. Abin da ƙwai zai ja a bolt 120, a bolt 12 sai ya ja ninki goma na amfiya kafin ya ba da haske iri ɗaya, kuma yawan amfiya shi ke sa wuta ta zube a hanya. Ƙwai shida masu wat 20 suna jan amfiya 10. Ka kai su ƙafa 100 a kan waya mai lamba 12, wadda aka fi amfani da ita, kafin wutar ta isa ka yi asarar wajen bolt 3. Halojin kuwa ɗan gata ne, yana son tsakanin 10.8 da 12. In ta gaza, ya yi ja ya dushe. In ta ɗara, ya mutu da wuri. Kuma in ɗaya ya mutu, wutar da ya bari ta hau kan 'yan'uwansa, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne taransifoma mai baki da yawa: 12, 13, 14, 15, wasu har 22. Layin da ya yi nisa sai ka ɗaura shi a baki mai ƙarfi, don abin da zai rage a ƙarshe ya yi daidai. Nate Mullen na kamfanin Unique Lighting shi ya yaɗa dabarar kai babbar waya tsakiyar rukunin fitilu, a raba musu daga nan da wayoyi masu tsawo ɗaya. A takarda abin yana da kyau. A fili, ni ne a durƙushe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa bayan isha'i, tocila a baki, sauro na ci na, ina soka mita a gindin fitila ina ƙwala wa maigida lamba. "Goma da ɗigo biyu!" Shi kuma yana can gaban taransifoma, ya kwance waya daga 13 ya mai da ita 14. "Sake aunawa!" Sai kowane layi ya zauna muke naɗe kaya. Kuma kafin mu tafi sai ya bi kowane noti da sukundireba ya ƙara ɗaurewa, saboda amfiya ashirin a sakakken noti zafi take haifarwa. Na taɓa ganin cikin taransifomar da ta narke kamar kyandir. Abin da maigidana yake nufi ke nan ranar farko.

Matakala da katanga su suka fi jinkirin shiga wannan harka, don ƙwai mai zafi ba ya son matsi. Fitilar matakala ta wancan lokaci akwati ce mai girman bulon jan ƙasa, da ɗan ƙwai irin na fakin ɗin mota a ciki. Ga zafi, ga gizo-gizo, ga ƙusoshin da tsatsa ta cinye duk ranar da ka zo canza ƙwai. Alhali buƙata tana ta ƙaruwa. A shekarun 1980 aka fito da bulon katanga mai hawa kan juna ba siminti, kuma manyan kamfanoninsa, Keystone da Allan Block da Versa-Lok da Anchor, duk a kewayen garinmu suka tashi. Duk gidan da ke gangare ya samu katanga da matakala. Dandamalin katako ma ya sauya. A shekarun 1990 Trex da ire-irensa suka kawo katakon da aka cuɗa da roba, daga baya aka samu ginshiƙai masu rami da waya ke bi ta ciki. A ƙarshen 2003 kuma aka daina jiƙa katakon gidaje da maganin ƙwari mai asenik. Wanda ya maye gurbinsa jan ƙarfe ya fi yawa a cikinsa, yana cin alminiyon da ƙusar gama-gari. Fitilu da yawa da muka ɗaura suka ruɓe daga baya kafin mu gane dalili.

Sai fitilar LED ta zo. Tushenta shuɗiyar fitilar da Akasaki da Amano da Nakamura suka yi a Japan, wadda ta kawo musu kyautar Nobel a 2014. Na farkon da suka iso hannunmu ban so su ba, haskensu fari fat mai shuɗi-shuɗi, dutse ya koma kamar ɗakin tiyata. Da aka iya yin mai launi mai ɗumi, na 2700K, magana ta ƙare. Wat 3 ko 4 ya yi aikin wat 20, kuma yawancinsu daga bolt 9 zuwa 15 haskensu ɗaya ne. Lissafin da na ɓata shekaru ina koya ya koma kamar iya ɗaure sirdi a zamanin mota. Na ji zafin haka, ba zan ɓoye ba.

Amma LED ɗin ce ta ba mu abin da Locklin ya nema. Yanzu akwai siririyar fitila, kaurinta bai fi yatsa ba, da faffaɗan ƙarfe da ake dannewa ƙarƙashin murfin katanga ko leɓen matakala. Ba ka ganin ta, sai dai ka ga dutse ya yi haske. A nan Minesota rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar a watan Disamba, matakala kuma ta daskare da ƙanƙara, don haka wannan ba ado ba ne kawai. Abin da ƙafa ke nema shi ne ta ga bakin kowane taki. Fitila mai ƙarfi da ke dukan ido ta fi duhu haɗari, tana sa ƙwayar ido ta tsuke, takin da ke gaba ya ɓace. Kuskuren da na fi gani yau shi ne yawa: wuta ta yi araha, sai a jera fitila a kowane taki kamar filin jirgi.

Wannan fitila ta mai da mu abokan magina, ko muna so ko ba ma so, tun ran gini tun ran zane. Akwai wata katanga da aka kira ni bayan an gama, an liƙe murafenta da gam. Maigidan ya nace. Na sa kurfi da guduma, huɗu suka fashe, sababbin da muka sayo launinsu bai zo ɗaya da tsoffin ba. Kuɗin aikin duk a nan ya tafi.

Abin da bai sauya ba tun zamanin kwalbar mayonis shi ne ruwa. Kayan araha da ake sayarwa a kwali, masu ɗan maƙalli da ke huda rigar waya, su ke kawo mana rabin kiran gyara. Ka tono mahaɗin, ka fere waya, jan ƙarfen ya koma baƙi. Ka ƙara gaba ƙafa ɗaya, baƙi. Ƙafa uku, baƙi. Ruwa ya bi tsakanin silin wayar kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Masu gida sukan ce LED ɗin ce ta mutu, alhali ita lafiyarta ƙalau. Mahaɗin da aka matse da ƙarfe, aka rufe da roba mai maiƙon hana ruwa, minti biyar yake ci, kuma ba mai ganinsa, shi ya sa ɗan gaggawa yake tsallake shi.

In za ka yi katanga ko matakala, ko da ba ka da kuɗin fitila bana, sa magini ya bar maka bututun roba a bayan bulo, da waya a ciki, kafin ya ɗora murfi.