Malam Aminu Kano: Ɗan Gidan Alƙalai a Sahun Talakawa

1.0 Gabatarwa

Tarihin ƙasashe da dama ya nuna cewa wanda ya fi tsananta wa tsohon tsarin mulki sau da yawa daga cikin gidan mulkin yake fitowa. A Jamus, Heinrich von Gagern, ɗan gidan sarauta, shi ya shugabanci majalisar masu neman sauyi da ta zauna a Frankfurt a 1848. A ƙasar Hausa kuwa, babu misalin da ya kai na Malam Aminu Kano. Wannan maƙala za ta dubi rayuwarsa ta fuskar da ta shafi masu nazarin harshe, wato yadda ya ɗauki kayan gadon gidansu ya yaƙi sarauta da su.

2.0 Asali da Karatu

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Fulani Genawa waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Ke nan tun yana yaro ya san yadda ake yanke hukunci, ya kuma san wanda hukuncin ya fi faɗa wa. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942, inda ya yi hulɗa da Sa'adu Zungur. Ya tafi Landan ƙarin karatu a 1946, ya koyar a Maru, sannan ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa NEPU.

3.0 Harshe a Matsayin Makami

Abin da ya bambanta Malam da sauran 'yan boko shi ne bai ƙalubalanci sarakuna da harshen Turawa ba. Da harshen zaure ya zo musu: tafsiri da fiƙihu da tarihin jihadin Shehu Usmanu. Hujjarsa ita ce zaluncin da Shehu ya yaƙa shi ne jikokin masu jihadi suka dawo da shi a ƙarƙashin En'e. Wannan hujja tana da wuyar turewa, domin wanda ya kawo ta ɗan gida ne, ba a iya cewa bai san littafi ba.

Kalmomi biyu sun isa shaida. Kafin NEPU, "talaka" suna ne na wanda ake mulka, mai faɗuwa ya yi gaisuwa. Bayan Sanarwar Sawaba, wadda ta bayyana cewa bukatun talakawa da na masu riƙe da En'e a gaba suke da juna, sai kalmar ta zama sunan da mutum ke kiran kansa da shi a bainar jama'a ba tare da kunya ba. Ita kuwa "sawaba", wadda a da sauƙi kawai take nufi, ta koma nufin 'yanci, har ta ƙetare iyaka ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar. A ganina wannan sauyin ma'ana ya fi duk kujerar da Malam ya taɓa ci nauyi.

Kujerun ma ba su da yawa. Maitama Sule ya kayar da shi a 1954, ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya nemi shugabancin ƙasa a PRP a 1979 bai samu ba. Amma a shekarar ce gwamnonin jam'iyyarsa, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, abin da manomin Kujama da makiyayin Kachia suka ji a aljihunsu.

Daɗin bai daɗe ba. PRP ta dare gida biyu, kuma a nan ma harshe bai zauna banza ba: aka kira waɗanda suka tsaya tare da Malam 'yan taɓo, waɗanda suka bi gwamnonin kuwa 'yan santsi. An tsige Balarabe Musa a 1981. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyar tana a rabe. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.