Ƙarshen Alewa Ƙasa: Labarin Miyagu na 1982 da Abin da Ya Hango wa Zamfara

1.0 Gabatarwa

Idan ana lissafa ƙagaggun labaran Hausa a aji, akan fara da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sa'an nan a tsallaka zuwa littattafan soyayya na Kano. A tsakanin waɗannan rukunai biyu akwai wani littafi da ba a cika tsayawa a kansa ba, watau Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa littafin nan, ko da yake ya ari rigar labaran Turawa, shaida ce ta tarihin ƙasarmu, kuma malamin da ke koyarwa a Bungudu ko Tsafe ko Gusau ya fi kowa dalilin sake buɗe shi.

2.0 Asalin Salon

Akwai wani salon finafinan Amurka da Faransawa suka laƙaba wa suna fim nuwar, watau baƙin fim. Wani mai sharhi da ake kira Nino Frank ya yi amfani da sunan a 1946, bayan an nuna wa mutanen Faris finafinai irin su The Maltese Falcon na 1941 da Double Indemnity na 1944. Siffofin salon sanannu ne: dare da duhu, kwaɗayin kuɗi, cin amana, hukumar da ba a dogara da ita, da jarumin da ke tafiya da ƙafarsa zuwa ga halakarsa. Sau da yawa jarumin tsohon soja ne da ya komo daga yaƙi ya tarar gida ya sauya. Ƙamshin salon ya iso arewacin Nijeriya ta gidajen silima, da kuma littattafan James Hadley Chase waɗanda 'yan makaranta suka riƙa karɓa hannu da hannu a shekarun 1970.

Amma fa kada mai karatu ya zaci Bahaushe bai san labarin mugu ba sai da Turawa suka kawo masa. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito bayan gasar 1933, ɗaukar fansa ce ta mai da yaro ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. A ƙasar Zamfara kuwa Kassu Zurmi ya shahara da waƙoƙin 'yan tauri da ɓarayi. Ashe ke nan irin ya tarar da gona a share.

3.0 Littafin da Zamaninsa

An buga Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Gasar nan ce ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Littafin Gagare ya haura shafi 300, abin da ba a saba gani ba a ƙagaggun labaran Hausa na lokacin. Jigonsa shi ne rayuwar Mailoma, Bamaguje daga ƙauyen Tsaunin Gwano, wanda ya zama uban miyagu, ya tara mutanen da yaƙi ya koya wa kisa, ya haɗa bindiga da fataucin kayan maye. Sunan littafin ma ya riga ya gaya wa mai karatu inda za a kwana.

Wannan jigo ba daga sama ya faɗo ba. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba; da aka ajiye makamai sun kai wajen 250,000. Daga nan aka shiga rage su, makamai kuma suka ɓuya a hannun jama'a. Fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa doka a 1970 mai hukuncin kisa, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a Legas a 1971. Abin da Gagare ya yi shi ne ya ɗauke wannan tsoro daga birnin Legas ya kai shi ƙauyen Bahaushe. A fim nuwar lungun birni ne maɓoyar mugu. A nan kuwa daji ne da tsauni.

4.0 Littafin a Idon Mutumin Bungudu

A 1982 Bungudu da Tsafe da Gusau suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Mai karatu na wancan lokaci yana iya ɗaukar rundunar miyagu a daji a matsayin ƙarin gishiri na marubuci. Tun daga wajejen 2011 kuwa satar shanu da rikicin manoma da makiyaya da 'yan sa-kai suka rikiɗe suka zama ta'addancin 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a jihar, bayan an rufe kasuwannin mako, kuma a watan ne aka sace Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Gagare bai yi duba ba, kuma tushen fitinar Zamfara daban yake da na littafinsa: nan akwai rigimar burtali da makiyaya, da haƙar zinariya, da makaman da suka kwararo ta Sahara bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011. Abin da ya gano, tun shekaru kusan 30 kafin wannan lokaci, shi ne ƙa'idar al'amarin: in bindiga ta kuɓuce wa hukuma, ta haɗu da saurayin da ba shi da abin yi, da dajin da babu mai tsaronsa, to ƙauye ne zai fara biyan bashin.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa Ƙarshen Alewa Ƙasa ya ari salo daga waje, amma ciwon da ya taɓa na gida ne. Saboda haka ya kamata a sake buga shi, a kuma sa shi cikin manhajar kwalejoji da jami'o'in wannan yanki, a karanta shi tare da tarihin yaƙin basasa. Daɗin daɗawa, akwai aiki a gaban masu neman babban digiri: a kwatanta siffar Mailoma da siffar ɓarawo a waƙoƙin baka na Zamfara, a ga inda al'umma ke yabon jarumta da inda take tsine wa zalunci. Ɗalibin Bungudu da ya kwana yana jin ƙarar bindiga ba ya bukatar a fassara masa littafin nan. Abin da yake bukata shi ne a sa masa shi a hannu.