Yadda Magani Yake Gane Inda Ciwo Yake

Tun kaka da kakanni, mai shan magani yana tambayar kansa: ta yaya ƙwayar da ya haɗiye take sanin inda za ta yi aiki? Masana sun yi fiye da shekaru ɗari suna bin sawun amsar.

A farkon ƙarni na 20, Bajamushe Paul Ehrlich ya yi hasashen cewa a bisa fatar kowace ƙwayar halitta akwai wasu makarɓai, kamar kwado mai jiran makullinsa. Maganin da bai maƙale musu ba, ba ya aiki. A 1905, John Langley na jami'ar Kambirij a Ingila ya gwada sinadarin taba da dafin kibiya na Amurka ta Kudu a kan tsokar kaza. Na farko ya murɗe tsokar, na biyu ya hana shi, ko da an tsinke jijiyar. Ya fahimci cewa su biyun suna takara ne a kan wani abu da ke jikin tsokar kanta.

Duk da haka, ba wanda ya taɓa ganin makarɓan da ido, don haka masana da yawa suka yi shakka. A 1948, Raymond Ahlquist a Amurka ya nuna cewa adarenalin yana da makarɓai iri biyu, alfa da beta, amma aka yi shekaru ba a kula da aikinsa ba. James Black ne ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ya nemi sinadarin da zai toshe makarɓin beta don zuciya ta huta, har aka sami furofaranolol a 1964. Ya sami lambar Nobel a 1988. A 2012, Robert Lefkowitz da Brian Kobilka su ma suka same ta, bayan sun bayyana ainihin siffar waɗannan makarɓai. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su ta wannan dangi suke aiki.

Akwai darasi a nan ga malamai. Makarɓin beta yana zuciya, yana kuma huhu. Ƙwayar da ta saukar da hawan jinin wani tana iya shaƙe mai ciwon asma. Mai tallar magani a kan faranti cikin kasuwa bai san wannan ba. Ya kamata ɗalibanmu su sani, su kuma kai labarin gida.