Yadda Kifin Wani Tsibiri Ya Gusar Da Iyakar Barno

Iyakar nan da ta ratsa arewa da Nguru da Gashuwa da Dapchi, wadda ta raba Mangawa gida biyu, a zamanin mulkin mallaka waɗansu suna biyan haraji ga Ingilishi waɗansu ga Faransa, an daidaita ta ne a birnin Landan, cikin wani ciniki wanda, abin mamaki, har kifi sai da ya shiga lissafinsa.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 1890 daulolin nan biyu, ba tare da sun shawarci Shehun Barno ko Sarkin Musulmi ba, suka ja layi a takarda tun daga Sayi a bakin Kwara har Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, suka kuma sabunta mu'ahadar a 1898. Amma da Faransawa suka fito duba rabonsu sai suka tarar galibinsa rairayi ne, babu hanya mai rijiyoyi da za ta kai ayarinsu Damagaram, balle tafkin, sai sun keta ƙasar Ingilishi.

Su kuwa Ingilishi tasu matsalar tana can ƙetaren Tekun Atilantika, a tsibirin Niyufanlan daura da Kanada, inda tun sulhun Utirek na 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin kama kifi su shanya shi a wani sashe na gaɓar, lamarin da ya daɗe yana hana mazauna tsibirin sakat. Saboda haka ranar 8 ga Afrilu 1904, da Lod Lansdowne na Ingila da jakadan Faransa Paul Cambon suka sa hannu a kan sulhu, Faransa ta sarayar da wancan tsohon fifiko, Ingila kuma ta saka mata da tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da wani ɗan yanki a Gambiya, da gusar da iyakar nan kudu, har ƙarshenta ya bi Komadugu Yobe zuwa tafki. A gaskiya babban abin da ya haɗa su shi ne batun Masar da Maroko. Ƙasar Manga, da mutanenta da rijiyoyinta, gyara kawai aka yi da ita bayan an gama awo.

Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi, Machina ta faɗo hannun Ingilishi, Maine-Sorowa ta koma ta Faransa. Sai dai hikimar masu taswira ba ta hango jirgin ƙasa ba, domin da dogo ya iso Nguru a 1930, fataken ƙasar Faransa ɗin suka riƙa kwararowa kudu da shanu da fatu da kanwa da manda, suna komawa da tufafi da goro.