Madawa, Buza da Keita: yadda talaka ke bin bahasin dukiyar jama'a

Idan aka ce ƙungiyoyin fararen hula a Nijar, hankali ya fi komawa birnin Yamai, inda a shekarar 2005 ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin Nouhou Arzika ya tilasta wa gwamnati sassauta harajin da ta ɗora wa kayan masarufi. A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa kuwa, sa ido kan hukuma ya fi gudana a ƙananan kwamitoci na makaranta, asibiti, famfon ruwa da gona, inda kuɗin da ake magana a kai daga aljihun mutanen gari ya fito.

Ƙananan hukumomi 17

Gundumomin uku na da ƙananan hukumomi 17. Madawa na da shida, ciki har da Bangi, Urno da Sabon Gida. Buza na da bakwai, ciki har da Karofan, Tama da Alakai. Keita na da huɗu: Keita, Tamaske, Ibohaman da Garhanga. An zaɓi kansiloli a karon farko ranar 24 ga Yuli 2004, aka sake a 2011 da Disamban 2020.

Kuɗin shigarsu na fitowa ne daga harajin kai da ake kira lanho, wanda masu gari ke tarawa, da harajin kasuwa, na dabbobi da na tasha, sai tallafin gwamnati da na abokan hulɗa. A yankin da albasa ke cika manyan motoci daga Sabon Gida da Tamaske, tambayar ko tikitin kasuwa ya isa baitulmali babbar tambaya ce.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ba mazauna gari haƙƙin sanin yadda ake tafiyar da harkokinsu. Ta tanadi zaman majalisar kansiloli ya kasance a buɗe ga kowa, kuma magajin gari ya riƙa gabatar da rahoto kan halin da ƙaramar hukuma ke ciki. Wata doka ta 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Ƙungiyoyi irin su ROTAB mai nazarin kasafin kuɗi, Alternative Espaces Citoyens, da ANLC mai yaƙi da cin hanci sun daɗe suna wayar da kan jama'a game da waɗannan haƙƙoƙi.

Kwamitocin da ke riƙe da aikin

A jihar Tawa aka fara gwada tsarin da ya sauya kwamitocin makarantu na COGES. A 2004 shirin Makaranta don Kowa, da tallafin hukumar JICA ta Japan, ya kawo zaɓen shugabannin iyayen yara ta ƙuri'ar sirri. Babban taron gari ke amincewa da ayyukan shekara, kamar gina aji na zana ko sayen alli da littattafai, a ƙarshe kuma ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Daga baya tsarin ya bazu ƙasa baki ɗaya.

Asibitocin karkara na da kwamitocin da ke kula da akwatin kuɗin magani. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, inda manoma, makiyaya, mata da sarakuna ke zama tare da jami'ai kan iyakar gona da burtali. Akwai kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maradi a 1991. Asusun da ake buɗewa ana ƙirga shi a gaban kowace mace ya koya wa mata da yawa neman lissafi.

Al'adar aikin gayya ma ta daɗe a yankin. Tun 1975 ake shuka layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, kuma daga 1984 aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da goyon bayan hukumar FAO, ya farfaɗo da faƙo da tsaunuka, mata ne kuma suka fi yawa a cikin masu aikin. Irin wannan aiki kan bar tambaya a baya: wa zai sare itacen, wa zai riƙe kuɗinsa?

Inda gizo ke saƙa

Kasafin kuɗi da faransanci ake rubuta shi, alhali yawancin mazauna Hausa ko Tamashek suke ji, shi ya sa gidajen rediyon karkara ke da muhimmanci. Cin rani na kwashe maza zuwa Najeriya, Libiya da Kodebuwa, taro ya rage daga mata sai tsofaffi. Kunya na hana mutum tuhumar ma'ajin da yake surukinsa ne ko ɗan mai gari. Kwamitoci da dama kan yi sanyi da zarar mai ba da tallafi ya tattara nasa ya tafi.

Bayan juyin mulki

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi ranar 4 ga Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. An kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, a gefe guda kuma an kama Moussa Tchangari na Alternative a Disamban 2024.

Kantoma ba ya jiran ƙuri'ar kowa, wanda ya naɗa shi yake ba wa bayani. Don haka mutumin Tama ko Garhanga da ke son sanin inda lanhonsa ya shiga ya dogara ne ga taron gari, kwamitin makaranta, rediyon karkara da mai garinsa.